Yaro ya sussuke irin gero an sha kunu: laifinsa ne ko namu?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ni ma da tawa na zo. Cikin azumin nan yayana ya kwanta asibiti kusan sati uku, uwargidansa na can tana jinya, gida ya rage sai yara. To shi yayan nawa, kamar yadda muka tarar mahaifinmu yana yi, tun ranar girbi yake bin gona yana zaɓar zangarniyar geron da ta fi tsawo da cika, wadda ƙwaro bai taɓa ba, ya ɗaure 'yan dammuna biyu ya rataye a rufin madafa, daidai inda hayaƙi ke bugu. Iri ke nan. Geron nan tun kakanmu ake juya shi a gidan, ba mu taɓa sayen irin gero a kasuwa ba.

Da aka sallamo shi ya ɗaga kai bai ga komai ba. Ashe ɗansa ne, saurayi ɗan shekara 22 mai takardar difloma, ya sauke ya ba ƙannensa suka sussuka, aka surfa, aka yi ta kunun buɗa-baki. Da na tsare shi sai ya ce, "Baffa, ni na zaci mantawa aka yi da shi, na ga har ya yi baƙi."

Ga kuma rumbun ƙasa na gidan ya tsage tun bara. Na yi cigiyar magini a ƙauyuka uku, mutum ɗaya aka nuna mini, shi ma tsufa ya hana shi hawa. Ni ina ɗan shekara 12 na san iri, ina sa wa fartanya ƙota, ina tufka igiyar rama, ina yanta shuci. Yaran yanzu ko ƙofar ɗakinsu ce ta ɓalle sai a jira kafinta. Jama'a, me ya sami 'ya'yanmu?

Maman Walida:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya. Amma dai kunun ya yi daɗi ko? Geron da ya sha hayaƙi wata biyar!

Tsohon Hedimasta:
Hajiya, ke kina dariya, shi mai geron kwana biyu bai yi wa kowa magana ba.

Ɗan Autan Gandu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tambaya ɗaya zan yi, kada a ce na yi rashin kunya. Shekara 22 yaron nan yana shiga madafar nan yana fita. Akwai ranar da wani ya kama hannunsa ya nuna masa ya ce wannan iri ne, ga dalilin rataye shi a hayaƙi? Ni ma ɗan manomi ne, yanzu adaidaita sahu nake ja a Kano. Abin da na fi ji daga bakin mahaifina tun ina firamare shi ne, "Ka yi karatu kada ka ƙare a duƙe kamar ni." Da hutu in na bi shi gona, ruwa kawai nake kai musu sai korar tsuntsaye. Ku kuka kore mu daga gona da bakinku, yanzu kuma kuna mamakin ba mu san gona ba.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, mu ma ba a zaunar da mu an yi mana lacca ba. Ido muka sa. Kuma mun yi makarantar. Ni kafin in tafi aji sai na kai taki gona a kan jaki.

Ɗan Autan Gandu:
To ai kuna wurin ne kuka sa idon, Baba. Mu lokacin shuka muna zana jarrabawa, lokacin zaɓar iri mun koma makarantar kwana.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Malam Hedimasta, ni sa'anka ne, don haka zan faɗa maka abin da yaron nan yake jin nauyin faɗa. Abin da ya koya mana noma ba idonmu ba ne kawai, gandu ne. Mu tuna yadda abin yake. Da safe kowa yana gonar gandu ƙarƙashin maigida har wajen azahar. Da yamma kuma, da ranar hutu, kana gayaunarka. Gayaunar nan ita ce makarantar. Taka ce, kai za ka zaɓi abin da za ka shuka, in ka makara a noman fari ciyawa ta cinye, ba wanda zai zage ka, amma sallah za ta zo sa'anninka suna da sabuwar riga kai ba ka da ita. Sau ɗaya hakan ke samun yaro ya shiga taitayinsa. Ni a gayaunata na fara sanin cewa gyaɗa ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa, bayan na yi asarar tiya uku na iri da kuɗin da na tara da kiwon kaji.

Shi kuma maigida akwai nasa nauyin. Shi zai ciyar da kai, shi zai kai garma maƙera, shi zai biya maka haraji, shi zai yi maka auren fari. Yarjejeniya ce ko da ba a rubuta ba. To yau wane uba ne a cikinmu yake riƙe da nasa ɓangaren? Haraji dai tun 1979 Abubakar Rimi ya soke shi a Kano, Balarabe Musa ya soke a Kaduna, wannan igiyar ta tsinke. Aure kuwa, saurayi shi ke haɗa lefensa da guminsa. Gayauna kuma ina gonar? Kakana ya bar gona wadda sai ka yi tafiya ka gaji ba ka kai ƙarshenta ba. 'Ya'yansa maza biyar da mata huɗu suka raba. Nawa kason da ya iso hannuna, in na raba wa 'ya'yana goma sha ɗaya, kowa kunya bakwai zai samu. Yaron da bai taɓa mallakar kunya ɗaya ba, bai taɓa yin asarar da ta shafi aljihunsa ba, ta ina zai san zafin iri?

Tsohon Hedimasta:
Malam, na ji. Amma kana so ka ce ba lalaci a ciki ko kaɗan? Ka je majalisar mai shayi da hantsi a tsakiyar damina ka ƙirga samari. Kowa kai a sunkuye, amma ba a kan fartanya ba, a kan waya. In ka tambaya a ce gwamnati ba ta ba da aiki ba. Gwamnati ce za ta zo ta cire maka ciyawar bayan gidanku?

Mai Sola Na Kura:
Baba Hedimasta, da girmamawa, a zo Kadawa da rani a ƙirga su wa ke cikin fadama ƙarfe shida na safe cikin sanyin hunturu. Samari ne. Ni shekarata 29, ina noma shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Ban iya yanta shuci ba, gaskiya ne, don ɗakina kwano ne. Amma da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur na injin ban-ruwa ya nemi ya kashe mu, mu yaran nan da ake zagi mu muka koyi juya inji ya koma aiki da gas, muka koyi haɗa famfon sola. Kawuna da ya fi ni sanin ƙasa nesa ba kusa ba, ni yake kira in duba masa waya in famfonsa ya ƙi tashi. Wayar da ake cewa mun sunkuya a kanta, da ita nake jin farashin kwandon tumatir a Legas kafin dillali ya buɗe baki, da ita nake ganin hasashen damina da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa farkon shekara.

Sannan akwai abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba balle su koya mana. A 2016 da tsutsar tumatir da muke kira sharon ta ɓarke, dattawa da yara duk tsaye muka yi muna kallo gona tana ƙonewa cikin kwana biyu. Haka tsutsar masara da ta biyo baya. Wannan ba ta cikin ilimin gado.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Ɗana na Kura, Allah ya yi albarka, amma kai ɗan gata ne ba ka sani ba. Ruwan Tiga da aka tare tun 1974 shi ya riƙe ku a gida. Na tudu, mai damina ɗaya ta wata huɗu a kan jigawa, shi ake magana. Kuma tunda ka taɓo abin, bari in mayar maka. A shekarun ƙarshe na aikina abin da ya fi ba ni tsoro shi ne samari masu goyon tankin feshi. Yaro ba takalmi, ba abin rufe hanci, ya zuba magani da murfin kwalba a ƙiyasi, ya gauraya da hannu. In bututu ya toshe ya sa baki ya hura. Bai san wane magani ne na masara ba, wane ne ke kashe duk abin da ya taɓa. Na ga wanda ya fesa maganin gonar masara a gonar da aka yi gicci da wake, waken ya tafi gaba ɗaya. Haka taki. A watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka a tafi, alhali in ba a binne ta ba iska ke kwashe amfaninta. Sannan a sayi irin masara na aure a kamfani, ya yi kyau, a ɗebi iri daga cikinsa a sake shukawa baɗi, ya fito wani dogo wani gajere, a ce an cuce mu. Tsohon ilimin an saki, sabon kuma rabi aka kama. Wannan tsakiyar ita ce mai haɗari.

Mai Sola Na Kura:
Wannan gaskiya ne Baba, ba zan musa ba. Amma masu watsa yuriyar nan har da masu furfura. Kuma malamin gona nawa ne ya rage? Ni tun da na fara noma sau biyu na taɓa ganin malamin gona a gonata. Mai shagon magani shi ne malaminmu, shi kuwa ciniki yake so.

Maman Walida:
Ku maza kun tsaya kan garma da inji. Ku bar ni in faɗi namu. Da can in damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, me ke riƙe gida? Ganye. Tafasa, rama, lalo, yaɗiya, gasaya. A gefen gona da tsakanin kunya suke fitowa ba wanda ya shuka wasunsu. Kakata takan ɗauke mu da ƙwarya, ta nuna mana wannan ana ci, wannan sai an dafa an zubar da ruwan fari, wannan ko akuya ba ta ci. A yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli a ci a ƙoshi. Yanzu an fesa magani gona ta yi fes kamar tsakar gidan amarya, ba ciyawa ba ganye. Wanda ya tsira a gefen hanya ma tsoron tsinka kake yi don ba ka san me aka fesa masa ba. Walida tawa tana aji biyar na sakandare, na nuna mata tafasa a bakin hanyar Wudil ta ce wai ciyawa ce. Kuma ban ga laifinta ba, ni ce ban taɓa kai ta inda take fitowa ba.

Amma kada wani ya ce mini in mayar da ita daka. Na yi surfe da niƙa a dutse har tafin hannuna ya yi kanta, ina da ciki wata takwas ina sussuka. Allah ya yi wa wanda ya kawo injin niƙa albarka. Ba duk abin da ya tafi ne abin kuka ba, Malam Hedimasta. Wasu wahala ce kawai muka sa mata suna tarbiyya.

Tsohon Hedimasta:
Hajiya, ni ban ce a koma dutsen niƙa ba.

Maman Walida:
Ba ka ce ba, amma shekaran jiya a nan zauren wani ya ce tuwon inji ba ya daɗi. Ya zo ya daka da kansa.

Na Zamfara:
Ina karanta ku ina murmushin takaici. Malam na neman maginin rumbu, mu kuwa masu rumbun ne suka daina ginawa da gangan. Rumbu a bayan gida yanzu talla ne, ka nuna wa ɓarayin daji inda abincinka yake. In sun shigo gari abin da suke fara cinna wa wuta ke nan. Wanda ya samu ya noma, sussukewa yake yi nan take ya zuba a buhu ya kai cikin gari ajiya. Ƙannena biyu sun tashi a gudun hijira, gonarmu ta gado shekara biyar ba wanda ya taka. Babban ya iya gyaran waya, ƙaramin yana tura ruwa a kura. In an ce ba su iya huɗa ba, gaskiya ne. A ina za su koya?

Ɗan Autan Gandu:
Allah ya kawo muku sauƙi Yaya. Wannan ta fi ƙarfin muhawara.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Amin. Amma maganar buhun nan da ka kawo, ko inda ake zaman lafiya ta canza halin mutane, kuma ba a lura. Gero a zangarniyarsa cikin rumbu yana shekara biyu, uku, bai yi komai ba. Kuma fitar da shi aiki ne. Sai maigida ya hau, ya buɗe, ya fiddo dami, mata su sussuka. Kowa a gidan ya ga an taɓa rumbu. Wannan wahalar ita ce makulli. Buhu kuwa kuɗi ne a tsaye. Biki ya taso, a ɗora biyu a babur a kai kasuwa. Waya ta lalace, a ɗora ɗaya. Da kaka a sayar da arha, 'yan Dawanau su tara, da bazara a dawo a saya da tsada a mudu. Da can dattijo yakan ƙirga dammunansa ranar da aka kawo su gida, ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya san na ci, ya san na iri, ya san wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa wasa da wannan lissafi.

Mai Sola Na Kura:
To Baba ai buhun ma akwai na kirki. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Ka busar da wake sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba magani ko ɗigo. Ya fi zuba wa wake guba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Maman Walida:
Kakata da toka da yashi take ajiye waken iri a tulu, ta liƙe bakin da laka. Ashe dabarar ɗaya ce, hana shi numfashi. Da an tambaye ta da ba a je Amurka ba.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku ba ni wuri in sa baki, don mu nan mun ga abin da ya yi kama da wannan ta wata fuska. Lokacin iyayenmu manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ba icce ko ɗaya. Haka malaman gona na wancan zamani suka koyar, kuma icce a doka na ma'aikatan daji ne, ba naka ba, to don me za ka raine shi? Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau uku. Daga 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura kututturan da muke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. Aka fara abin da muke kira sassabin zamani: ka bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka kiyaye su. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana ce musu masu ƙazamar gona. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a ƙasar Nijar.

Abin da ya sa na kawo wannan: su wa suka san gawo yana zubar da ganye da damina, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau? Kakanni. Su wa suka sare? Iyaye, ba jikoki ba. Kuma mutane ba su koma rainon icce ba sai da suka tabbata wanda ya raina nasa ne, ya sassabe reshe ya sayar ba mai kama shi. Ni a ganina ɗiyanku ma haka ne. Abin da ba naka ba, ba ka koyon tsaronsa.

Tsohon Hedimasta:
Malam na Maraɗi, sannu da zuwa, ka kawo magana. Amma duk kun haɗu kuna wanke yaron nan kamar ba shi da hankalin kansa. Ko ba a gaya maka ba, ka ga abu an ɗaure an rataye a sama, a gidan da ba kai ka ajiye ba, ba sai ka ɗaga waya ka tambaya ba? Wayar tana hannunsa dare da rana. Wannan ba ilimin noma ba ne, sanin ya kamata ne. Shekara 35 na yi ina koyarwa, na shiga aikin ana tsakiyar shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976. Lokacin kowace firamare tana da gonar makaranta, yara na da kunyoyinsu, muna ba da maki a kai. Da idona na ga iyaye sun fara zuwa suna cewa ba noma suka kawo 'ya'yansu ba. Daga baya filin gonar ma aka yanka aka yi shaguna. Don haka na yarda da laifin manya. Abin da ban yarda ba shi ne a ce saurayi mai gemu ba shi da nasa.

Ɗan Autan Gandu:
A nan kam na ba ka gaskiya Baba, ya kamata ya tambaya. Amma ka san me ya sa ba ma tambaya? In ka tambayi dattijo abu sai ya ce, "Kai har yanzu ba ka san wannan ba? Me aka koya muku a bokon?" a gaban mutane. Sau biyu aka yi mini haka na daina. Sannan maganar ɗaukar nauyi da ake yi kamar mu kaɗai ne ba mu da ita: bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, su wa suka karɓi taki da injin ban-ruwa suka sayar a bakin wurin rabo, suka ce rabonsu ne na gwamnati? A garinmu dai ba samari ba ne, masu manyan riguna ne. Muna kallo.

Ni kullum sai na kai wa mai adaidaita balas ɗinsa kafin in ci ko sisi. Daga abin da ya rage nake aika kuɗin taki gida, ni nake biyan 'yan ƙwadagon da ke nome gonar mahaifina. Ban riƙe fartanya ba, amma ba don ni ba gonar ba za ta nomu ba. Wannan ba ɗaukar nauyi ba ne?

Malamin Gona Mai Ritaya:
Ɗaukar nauyi ne, ɗana, kuma Allah ya biya ka. Sai dai ka lura da abu ɗaya. Ɗan ƙwadago jinga ya yi, sauri yake ya gama ya tafi gonar gaba. Ba zai tsaya ya ga ƙuduji ya fara fitowa a kusurwar gabas ya tuge shi kafin ya yi fure ba. Ƙudujin nan in ya zubar da 'ya'ya, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran dawa ko gero. Mahaifinka ya san wannan kusurwar, ya san shekarar da zai sa gyaɗa ko waken suya a wurin don ya rage shi, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda zaizaya ke ci. Wannan ba ya cikin littafi, ba ya cikin waya, ba ya wurin cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru duk da irin aikin da suke yi. Su za su ba ka iri mai kyau, kamar waken SAMPEA 20-T da suka fitar a 2019 mai jure tsutsar fure. Amma halin gonarku a kan mahaifinka kaɗai yake. Ranar da ya faɗi, Allah ya ja da ranar, kuɗinka zai ci gaba da zuwa, gonar kuma ta riƙa ja baya kana mamaki.

Ɗan Autan Gandu:
Wannan ta shige ni Baba. Amin.

Na Maraɗi:
Malam Hedimasta, a koma kan geron. Kafin ku yanke ƙauna, ku tambayi 'yan uwa mata da aka aurar wasu garuruwa, da maƙwabtan gona. Irin gida ba ya zama gida ɗaya. Wani ya taɓa roƙa, wata ta taɓa tafiya da shi.

Tsohon Hedimasta:
Kamar kana wurin. Jiya da daddare ƙanwarmu da ke aure wajen Ɓaɓura ta bugo, ta ce shekarun baya da shukarsu ta ƙone bayan ruwan fari, Yaya ya ba mijinta zangarniya, kuma shi suke juyawa har yau. Za ta aiko da tiya biyu. Ya ɗan gauraya da na maƙwabta, don gero iska ke aurar da shi, amma Yaya ya ce in ya yi zaɓe shekara biyu uku zai gane nasa.

Na karanta masa wasu maganganunku a waya. Bai ce komai ba sai da na zo kan gayauna. Ya yi shiru, sannan ya ce a kira yaron. Ya yanka masa daga gindin gawo zuwa iyakar yamma, ya ce tiya ɗaya cikin biyun nan nasa ne, ya shuka, ya nome, in ya ga dama ya sake dama kunu da shi. Yaron ya ce shi yana jiran kiran wani aiki a Abuja. Uban ya ce kiran zai same shi a gona, ai akwai sabis a gindin gawon.

Maman Walida:
Yaya ya warke ke nan tunda baƙar magana ta dawo.

Mai Sola Na Kura:
Baba, maganar tsohon maginin nan fa? In zai yarda a yi gyaran rumbun a gabansa yana nunawa, ni zan zo in ɗauka a waya tun daga kwaɓa ƙasa har ɗora jinka, mu sa a zauren nan.

Tsohon Hedimasta:
Na aika an tambaye shi. Ya ce ba ruwansa da hoto, a ɗauka in an ga dama, amma ba a koyon gini da kallo. Yana son samari biyu da za su shiga laka da ƙafa. Ya ce ƙasar sai an kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, kuma hawa-hawa ake ɗorawa, kowane sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba, don haka aikin ya fi sati. Kuma a yi kafin shamuwa ta iso, in ruwa ya sauka an makara. Ɗan Yaya na ɗaya, ko yana so ko ba ya so. Saura ɗaya. Ɗan Auta, kai ka fi kowa baki a zauren nan.

Ɗan Autan Gandu:
Baba, ni fa tambaya kawai na yi.

Maman Walida:
Ai ga amsar an ba ka.

Ɗan Autan Gandu:
To zan zo kwana uku, ba sati ba. Amma a gaya mini tun yanzu wa zai biya balas ɗin kwana ukun, don mai adaidaita bai san rumbu ba.